Ba Ke Kika Ci 'Ya'yan Gwaggo Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan sallama, ina miƙo miki gaisuwar ɗiya ga uwarta, da fatan tana samun ki cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Ni ce Saudatu. Shekara shida ke nan da rasuwarki ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba, sai yau da na samu abin faɗa.

Na san ba kya son a fitar da maganar gida waje. Ki yi haƙuri, Umma, wannan karon ba zan ji maganarki ba. A gaban jama'a aka kira ki mayya, a gaban jama'a zan wanke ki. Hafsa 'yar Gwaggo Asabe ta karanta wannan takarda ta ce in saka ta inda jama'a za su karanta. Baba ya ce in yi abin da na ga dama. Gwaggo Asabe kuwa ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaye ta ba.

Kin tuna gidanmu na Gyadi-Gyadi, lokacin ina 'yar shekara tara. Duk jaririn da aka haifa a gidan ke ake kira ki yi masa wanka, saboda kin iya riƙon ɗanyen goyo, ba kya gaggawa, ba kya barin ruwa ya shiga kunne. Ba a taɓa biyan ki ba, ba ki taɓa nema ba. Daga ƙauye aka auro ki, ba ki da wa ko ƙane a birni, kina ganin da hidima za ki zama 'yar gida.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, gida take dawowa wankan jego. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali, wannan kam ko ni ba zan hana ta ba. Tun ciki yana wata biyar take jera kayan jariri a koriyar adakarta ta ƙarfe, riguna da huluna da safa da shawul, ta watsa kafur tsakanin kowane ninki don kada kyankyaso ya kusanta. Har dakawa take yi ta barbaɗa ƙarƙashin shimfiɗar yaro saboda tururuwa. In ka ɗaga labulen ɗakinta ƙamshin ne ke fara yi maka maraba, mata suna ta yaba mata.

Ɗanta na fari kwana uku ya yi ya koma ɗorawa, idonsa kamar an shafa gangamau. Bai kai suna ba. Aka ce shawara ce, kwana ya ƙare. Da ta haifi Nura shi ma ya ɗauko hanyar, sai ta tafi wajen wani mai duba, ya ce mata ta lura da hannun da ke yi wa 'ya'yanta wanka. Shi ke nan aikin da ya yi, ya karɓi abin da zai karɓa, ya koma ya zauna.

Ba zan manta yammacin nan ba. Bayan la'asar matan layinmu suka cika tsakar gida, har da waɗanda suka ci wainarki da safe. Aka kwantar da Nura a tabarma. Gwaggo ta ce ki tuɓe ki tsallake shi sau uku ki sako masa kurwarsa. Kika roƙa a bar miki ɗaurin ƙirji, aka bar miki da ƙyar, ita da hannunta ta fizge ɗankwalinki. Baba yana zaure yana jin komai, bai ɗaga labule ba. Ina riƙe da turmi ina kallo kika tsallake shi, sau uku, kanki a ƙasa. Abin da kika ce kawai shi ne, "Allah ya san hannuna."

Washegari wata maƙwabciyarmu 'yar kudu, nas ce, ta shigo ta ga yaron ta tayar da hankalin kowa, ta sa aka kai shi asibiti aka canja masa jini. Ya rayu, amma ba ya ji, wuyansa bai tsaya ba, bai taɓa takawa ba. Ba wanda ya gode wa asibiti. Cewa aka yi kin sako rabin kurwar kin riƙe rabi.

Kafin wata ya zagayo Baba ya ba ki takarda. Muka koma ɗaki ɗaya a Darmanawa, labari ya riga mu isa. Kika kafa tandar waina a ƙofar gida kwana huɗu, ko kare bai tsaya ba, muka cinye kayanmu. Daga nan kika koma ɗinkin hula, kina bai wa dillaliya ta kai kasuwa don kada mai saye ya san hannun da ya ɗinka. Wallahi ina da yaƙinin akwai mazan layin nan da suka je Idi da hularki a ka, matansu kuwa in sun hange ki a hanya sai su janye 'ya'yansu suna "kurwata kur".

Bayan shekara biyu Gwaggo ta haifi Hafsa, lafiya lau, ko ɗigon ɗorawa babu a idonta. Sai ta ce to ga shi nan, an raba gida da mayya an zauna lafiya. Ta yi ta yawo da wannan hujja gidan biki da gidan rasuwa. Ni ma ban tsira ba, tunda an ce abin gado ne ana tsotsa a nono. A islamiyya ni kaɗai nake shan ruwa da kofina. Sau biyu ana zuwa neman aurena, in aka je bincike Gyadi-Gyadi sai a ji shiru.

A makarantar koyon jinya na fara jin cewa akwai jariran da kafur ke fasa wa jini. Ranar ban iya ƙarasa darasi ba, na hau adaidaita sahu na taho miki da littafina a buɗe. Kika saurare ni kina ɗinki har na gama, kika ciji zare, kika ce, "Bar su, Saude. Ko kin faɗa, bakin 'yar mayya ne." Kin yi gaskiya. Zato ne kawai a hannuna. Gwajin da ake da shi a lokacin yakan ruɗe in an ƙara wa yaro jini, mace mai ɗauke da abin kuma sau da yawa ba ya nuna ta. Na haɗiye maganata.

Shekara goma sha tara kika yi da wannan suna. Da kika rasu Gwaggo ba ta zo gaisuwa ba, ta kuma aika wa 'yan uwa cewa kada a ci sadakarki. Gumbar da muka daka rabinta gida ta kwana. A ranar na yi Allah ya isa, ban kuma janye ba.

To ga abin da ya faru, Umma.

Watan jiya ina aikin safe a ɗakin jarirai, sai ga Hafsa a guje da ɗanta na fari, kwanansa huɗu, Gwaggo na biye da ita da mayafi a hannu. Ya ƙi kama nono, kukansa siriri mai tsini, ɗorawar ta sauka har tafin ƙafa. Ban ma gane su ba da farko. Ina buɗe shawul ɗin ƙamshin ya doke ni, sai na ɗaga kai na ga fuskar Gwaggo. Ita ma ta gane ni. Na ga hannunta ya miƙo zai karɓe yaron daga wajena, Hafsa ta buge hannun.

Ki kwantar da hankalinki, ban yi wa yaron komai ba sai alheri. Na tuɓe masa kayan nan kaf na ƙulle a leda na fitar waje, muka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, kafin azahar aka canja masa jini. Kwana tara ya yi wajenmu. An gwada kunnensa yana ji, wuyansa lafiya. Ranar bakwai maza suka raɗa masa suna a masallaci, aka ɗage taron mata sai an sallame shi.

Yanzu asibitinmu ba kamar da ba ne. Akwai wata likita da ke aikin bincike a kan irin waɗannan jarirai, tana da na'urar da ba jinin kawai take dubawa ba, ƙwayoyin gadon mutum take karantawa, rubutun da Allah ya yi a jikinsa tun yana ciki. Ko allura ba a buƙata, auduga ce a kan tsinke a goga cikin kumatu. Ta ce in dangi sun yarda tana so ta gwada kowa, don a san wa zai kiyaye. Hafsa ta yarda. Gwaggo ta yarda saboda jikanta, ta sa aka kawo Nura a keken guragu. Ni na je Gyadi-Gyadi da ƙafata, na tsaya a zauren nan na ce wa Baba ya taso. Ya taso bai tambaye ni dalili ba. Ni ma na buɗe bakina aka goga.

Da sakamako ya fito likitar ta tara mu a ofishinta, na cire hular aiki na zauna cikin dangi. Ta ce akwai wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, wasu ana haifar su da ƙarancinsa, kuma abin yana da yawa a cikinmu. Mace tana da ƙwayar gadonsa guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, in ɗaya ta yi rauni ɗayar takan rufa mata asiri. Namiji guda ɗaya tak gare shi, daga uwarsa. Irin wannan yaro zai iya girma ya tsufa bai san yana da shi ba, in dai an raba shi da wasu magunguna, da lalle yana jariri, da man zafi, da kafur. Shi kafur ko ba a ci ba, ta fata da numfashi yake shiga.

Jaririn yana da shi. Nura yana da shi. Hafsa tana ɗauke da shi, Gwaggo tana ɗauke da shi. Baba yana da shi, ya gada wajen Hajiya kakarmu, wadda ta zauna a kujera 'yar tsugunno ranar tana kallon ana tuɓe ki.

Ni ma ina ɗauke da shi, Umma. Guda ɗaya, wadda Baba ya ba ni. Na sa likitar ta maimaita mini ta biyun. Ta nuna mini a takarda da bakin biro ta ce wadda na samu daga wajen uwata lafiyarta ƙalau. Shekara ashirin da biyar ana ƙyamata saboda abin da wai na tsotsa a wajenki, ashe abin da ke jikina mai cutar da jariri daga gidansu na ɗauko shi. Na yi dariya a ofishin nan, dariya mara daɗi, har likitar ta dube ni. Duk mutanen da kika yi wa hidima ba wanda ya tsaya miki shaida, sai wata na'ura da ba ta taɓa ganin ki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na'urar nan ta ba ni tsoro a ranar da ta faranta mini. Uwar mijin Hafsa tana wurin. Ana cewa ta wajen uwa namiji ke samu, na ga ta gyara zama ta dubi Hafsa sama da ƙasa, irin kallon da na sani tun ina yarinya. Nan na gane a garin nan ana iya korar mace da takardar asibiti kamar yadda aka kore ki da maganar mai duba, kuma ita takardar ba a musa mata. Allah ya taimaka mijin mai hankali ne, ya ce shi dai a rubuta masa abubuwan da za a kiyaye, matarsa kuma tana nan daram. Amma ba kowace ce za ta dace da irinsa ba. Na faɗa wa likitar, zan kuma faɗa wa duk wani babba da ke karanta wannan: in za ku kawo na'ura, ku kawo mai zama da dangi ya yi musu bayani da Hausa, har da uwar miji, kafin a miƙa wa kowa takarda.

Likitar ta rufe da cewa babu mai laifi, ba wanda ya sani. Muka tashi. Sai da muka fito baranda, wajen famfon da masu jinya ke wanke kwanuka, na ji an kira sunana. Gwaggo ce. Rabon da ta kira sunana tun ina 'yar shekara tara. Ta tsufa, Umma. Bayanta ya ranƙwafa saboda ɗaukar Nura, kullum ita ke yi masa wanka ta ba shi abinci a baki, ba malamin da ba ta kai shi wajensa ba. Ta riƙe kan famfon ta ce, "Saudatu, wai da hannuna?"

Akwai maganar da nake faɗa wa iyaye mata a wajen aiki, kusan kowane mako. In uwa ta gane shawul ɗinta ne ko lallenta ya kwantar da ɗanta, sai in dafa ta in ce ba ki sani ba, ba laifinki ba ne. Gaskiya ce, ba lallashi ba. Tana bakina a lokacin, ita Gwaggo take jira. Ta ji daga likita bai shige ta ba, daga bakin 'yarki take so ta ji.

Na ce, "Da hannunki, Gwaggo. Da adakarki."

Ta zame ta zauna a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke. Ban ɗaga ta ba. Na tsaya a kanta na ce mata akwai sauran magana da zan faɗa mata wadda za ta sa ta iya barci, amma sai ranar taron suna ta miƙe a gaban mata ta ambaci sunanki ta faɗi abin da ta yi. Ki gafarce ni, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, har na koma bakin aiki ina jin yunwa.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi taron a gidanta na Tarauni. Na sa leshina mafi tsada na je. An kafa rumfa, an ɗauko mai kiɗa da lasifika, 'yan mata sun yi anko suna ta ɗaukar hoto. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya ina neman matan da suka cika tsakar gidanmu a wancan yammaci. Uku na samu. Ɗaya ta makance, ɗaya ta rikice ba ta gane kowa. Sauran sun mutu ko sun tashi, sun tafi da abin da suka sani a kanki.

Ban zaci za ta yi ba, amma ta yi. Ta sa aka kashe kiɗa, ta karɓi makirufo, ta ce, "Hajara matar Yaya ba mayya ba ce. Ni na yi mata ƙazafi. Ku shaida."

Sai wata yarinya a gefena, tana gyara ɗaurin kanta a madubin waya, ta tambayi ƙawarta, "Wace ce Hajara?" Ƙawar ta ɗaga kafaɗa. Mai kiɗa ya ga shirun ya yi yawa ya saki waƙa, aka ci gaba da rabon shinkafa.

Abin da na jira shekara ashirin da biyar ke nan. Bai kai minti ɗaya ba.

Ta ratso mutane ta zo inda nake, ta kama wuyan hannuna, ta zuba mini ido. Ta cika nata, saura nawa. Na dubi hannun nan na zare nawa a hankali, na ce mata ina da aikin yamma, na fita na tari adaidaita sahu. Ba ni da aiki ranar, gida na tafi.

Na san abin da za ki ce. Da ke ce, tun a bakin famfo za ki ɗaga ta ki kakkaɓe mata zani. Ni ba ke ba ce, Umma, ban samu wannan a wajenki ba. Na san alkawari na saɓa, na san gaskiya nake riƙe wa tsohuwa, na kuma san ba kyau. Tun ranar wayata ke ƙara da lambarta, safe da yamma, ina kallo har ta katse. Hafsa ta ce Gwaggo ba ta cin abinci, ta fitar da adakar ta wanke da omo da ruwan zafi ta shanya, ƙamshin ya ƙi fita. Bari ta jira. Ba ta yi ko sati biyu ba tukuna.

Yarinyar nan mai madubi ce ta sa na zauna rubutu. In kina karantawa, 'yammata, ga amsarki. Hajara mace ce gajera, mai wushirya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Tana tsoron agwagwa. Ba ta cin tuwo sai da yaji a gefe, ko tana ciwon ciki. Ba ta yi boko ba, amma ita ke riƙe mini littafi in ina haddar jarabawa, tana gyaɗa kai kamar tana bi. Ranar da na karɓi farin kayan aiki ta sa na saka na cire sau uku, wai ba ta gani da kyau ba. Ba ta taɓa cutar da ɗan kowa ba.

Umma, na yi kewarki. Na so a ce kina raye in kawo miki takardar nan, in nuna miki layin da bakin biro, ki ce in sake karanto miki.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sanyaya makwancinki, ya musanya miki gida da maƙwabta da suka fi waɗanda kika samu a nan. Allah ya raya ɗan Hafsa, ya ba Nura sauƙi, ya tsare 'ya'yan mutane daga jahilcinmu. Haƙƙinki kuwa ba nawa ba ne balle in yafe, na bar shi inda za ku tsaya ke da su, Allah ya bi miki shi har ƙwayar zarra. Ni kuma in akwai rabon zuciyata ta yi laushi, Allah ya kawo ranar tana da rai. Ban roƙa ya gaggauta ba.

Wassalam.

'Yarki,
Saudatu Hajara